Gidaje 530 aka gyara a Faransa ba a tashi kowa ba, mu me ya hana mu?

Duk ranar da wani minista ya tashi ya ce za a "sabunta" tsohuwar unguwa, mutumin zango katafila yake hangowa. Ba a ga laifinsa ba. Mun ga abin da ya faru a Old Fadama a watan Yunin 2015, ranar da aka wayi gari ana ture ɗakunan mutane a gefen tafkin Korle. Shekara da shekaru ana maganar sabunta Nima da Maamobi a Ankara, babban birninmu, kuma duk sanda maganar ta taso, tambayar farko da dattawa ke yi ita ce, to mu ina za a kai mu? Wannan tsoro ya sa da yawanmu mun gwammace mu ci gaba da kwana a ɗakin da ke komawa tanda a watan Maris, muna loda wa mita kuɗi kamar mai ɗiban ruwa da kwando, da a ce hukuma ta zo ta taɓa mana gida.

Ni dai ban yarda zaɓin biyu ne kawai ba, ko rushewa ko haƙuri. Ana iya kama tsohon gidan gwamnati a gyara shi ya rage shan wuta, ya daina wahalar da masu kwana a ciki, alhali suna nan zaune ba inda suka gusa. An yi haka a wata unguwar masu ƙaramin ƙarfi a birnin Bordo da ke kudu maso yammacin Faransa, aka dace. An yi wani gyaran mai irin wannan suna a Landan kusan a lokaci guda, aka rasa rayuka 72. Abin da ya raba ayyukan nan biyu shi nake so mu duba tare, domin ko ba daɗe ko ba jima maganar za ta iso tsoffin kwatas ɗinmu na Asawase da Kaneshie da Tema da Dansoman.

Gidan da ya zama rariya

Bayan yaƙin duniya na biyu Faransa ta shiga matsalar muhalli mai tsanani. Daga shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1970 aka yi ta gina dogayen benaye na kankare a gefen birane, ana ba ma'aikata da masu ƙaramin albashi haya da rangwame. Su ake kira HLM, kuma da yawa daga cikin baƙin da suka je ci-rani daga Aljeriya da Maroko da Mali da Senegal a cikinsu suka reni 'ya'yansu. An gina su da gaggawa, a zamanin da mai yake da araha. Bango ba abin tare sanyi, gilashin taga falle ɗaya, ba wanda ya damu da nawa za a kashe wajen ɗumama ɗaki. Sai da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a 1973 sannan Faransa ta kafa dokarta ta farko kan hana ɗumi zurarewa daga gini, a 1974. Gidajen da suka riga dokar kuwa haka aka bar su.

Su can sanyi ne matsalarsu. Da hunturu mutum zai kunna na'urar ɗumama ɗaki, ɗumin ya bi ta bango da taga ya fice, shi kuma a kawo masa bil. Sunan da Faransawa suka ba irin wannan gida ma'anarsa rariya, kuma sunan ya dace. Yanzu kowane gida yana da maki daga A zuwa G gwargwadon yadda yake cin makamashi. Wata doka ta 2021 ta hana ƙulla sabuwar haya a gidan da ke matakin G tun daga Janairun 2025, na matakin F kuma wa'adinsu 2028.

Kafin a kai ga nan, maganin da hukuma ta fi so shi ne rushewa. Dokar sabunta birane ta 2003 ta tsara ture gidajen haya 200,000 a gina sababbi. Sai wasu masu zanen gine-gine su uku, Anne Lacaton da Jean-Philippe Vassal da Frédéric Druot, suka ce a dakata. A wani rahoto da suka kammala a 2004 suka nuna cewa ginshiƙan benayen nan suna nan da ƙarfinsu, kuma kuɗin ture gida ɗaya a sake gina shi zai isa a gyara gidaje da dama. Aka ba su gwaji a birnin Paris, wani dogon bene mai suna Bois-le-Prêtre, mai gidaje 96, ginin farkon shekarun 1960. Suka gama a 2011, masu haya suna ciki, makamashin da benen ke ci ya ragu da kusan rabi.

Bukka a hayin kogin Kwara

Akwai abin da ya sa labarin mutanen nan ya fi shiga raina. Shi Vassal a Kasabalanka aka haife shi, a 1954. Da ya gama karatun zanen gini a Bordo a 1980 sai ya tafi Nijar, ya yi shekara biyar yana aikin tsara birane, Lacaton kuma tana kai masa ziyara. Ginin farko da suka yi tare bukka ce ta zana da itace, a kan wani tudun yashi a hayin kogin Kwara kusa da Yamai, a 1984. Ba ta cika shekara biyu ba iska ta tafi da ita. Amma sun sha faɗa cewa a Nijar suka koyi yin abu mai amfani da ɗan abin da ke hannu, da kuma girmama abin da aka tarar a wuri. Wanda ya dubi aikinsu na Bordo da idon ɗan zango, rumfa zai gani a gaban ɗaki, sai dai an yi ta da kankare da gilashi, an jera ta hawa-hawa har sama.

Unguwar ana kiranta Grand Parc, an fara gina ta a farkon shekarun 1960, tana da gidaje kusan 4,000. Hukumar gidajen haya ta yankin, Aquitanis, ta ware manyan benaye uku masu hawa 10 zuwa 15, jimillar gidaje 530, ta damƙa wa Lacaton da Vassal da Druot, tare da abokin aikinsu Christophe Hutin. Ga abin da suka yi. A gaban kowane bene suka tayar da sabon gini mai tsayawa da ƙafafunsa, manne da tsohon, zurfinsa mita 3.8. A masana'anta aka zuba dakalai da ginshiƙan, aka kawo su a mota, injin ɗaga kaya ya ɗora su ɗaya kan ɗaya. Da an gama hawa, sai a fasa tsohon bangon da ke ƙarƙashin 'yar taga, a sa babbar ƙofar gilashi mai zamewa. Mai haya ya wayi gari da ƙarin fili a gaban falonsa: wani ɗaki mai bangon da haske ke ratsawa, wanda ake buɗewa a rufe, sannan baranda a gabansa.

Wannan ƙarin ɗakin shi ne ke rage kuɗin ɗumama gida. Da hunturu rana tana ɗumama iskar da ke cikinsa, sai ya zama shamaki tsakanin sanyin waje da falo. Da dare a ja labule mai kauri da ke riƙe ɗumi. Da bazara a buɗe komai iska ta ratsa, barandar maƙwabcin sama kuma ta yi inuwa. Ba inji, ba waya, ba abin da zai lalace a jira injiniya. An kuma gyara banɗakuna da wayoyin lantarki, an sabunta lif. Aikin da ya shafi cikin gidan kowane mai haya kwana 12 zuwa 16 ne, yana kwana a gadonsa. Ba a kwashe kowa ba, ba a ƙara kuɗin haya ba, kuma abin da aka kashe bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin rushewa da sake gini ba. An kammala a 2017. Aikin ya ci babbar kyautar zanen gini ta Tarayyar Turai a 2019, sannan a 2021 Lacaton da Vassal suka karɓi kyautar Pritzker, wadda ba ta da ta biyu a wannan sana'a.

Daren azumi a Grenfell

Yanzu mu haura Ingila. Grenfell bene ne mai hawa 24 na ƙaramar hukuma a yammacin Landan, an gama gina shi a 1974. Shi ma rariya ne, shi ma aka ce za a gyara shi ya riƙe ɗumi. Aka canza tagogi, aka manna wa bangon waje wani soso mai tare sanyi, aka rufe shi da fallayen alminiyam masu ƙyalli. Aikin ya ƙare a 2016, daga nesa benen ya koma sabo fil. Abin da masu haya ba su sani ba shi ne, a tsakiyar kowane falle akwai roba mai narkewa ta ci wuta kamar mai. Da farko fallayen tutiya aka tsara sawa, aka canza zuwa waɗannan don a rage kusan fam 293,000.

Ranar 14 ga Yunin 2017, gab da ƙarfe ɗaya na dare, firiji ya kama da wuta a wani gida a hawa na huɗu. Irin gobarar da 'yan kwana-kwana ke kashewa a ɗakin girki a wuce wurin. Amma wutar ta fita ta taga ta kama fallayen nan, ratar da ke tsakaninsu da bango ta ja ta sama kamar bututun hayaƙi, cikin ƙasa da rabin awa ta kai ƙololuwa. Matakala ɗaya ce tal a benen. Mutum 72 suka rasu, 18 yara ne. Watan azumi ne, kuma akwai Musulmi da yawa a benen, 'yan asalin Maroko da Sudan da Eritiriya da Siriya da wasu ƙasashe. Waɗanda ba su kwanta ba suna jiran sahur suna cikin waɗanda suka fara bugun ƙofofin maƙwabta. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Abin da ya fi ciwo, masu hayar sun yi ta kuka tun kafin ranar. A watan Nuwamban 2016 ƙungiyarsu ta rubuta gargaɗi cewa da alama sai an yi babban bala'i kafin a saurare su. Kwamitin bincike ƙarƙashin tsohon alƙali Martin Moore-Bick ya fitar da rahotonsa na ƙarshe ranar 4 ga Satumban 2024. Ya ce duk mace-macen nan ana iya kauce musu. Ya kama kamfanonin da suka ƙera kayan da yin rashin gaskiya wajen gwaji da talla, ya kama gwamnati da sakaci na shekaru, ya kuma nuna yadda masu kula da benen suka ɗauki mazauna masu ƙorafi a matsayin 'yan neman fitina.

To kun ga, niyyar da aka rubuta a takarda ɗaya ce a Bordo da Landan, wato a rage cin makamashi a tsohon gidan talaka. A Bordo daga cikin ɗaki aka fara, aka tambayi me mai haya zai samu. A Landan daga waje aka fara, ana lissafin araha da kyan gani, mai haya kuma aka mayar da shi ɗan kallo a gidansa.

Namu tsoffin kwatas

Mu ma muna da irin waɗannan gidaje, ko da yake yawancinsu ba dogayen benaye ba ne. Bayan girgizar ƙasa ta 1939 gwamnatin mulkin mallaka ta gina gidaje a wurare kamar Korle Gonno da Mamprobi da Kaneshie. A shekarun 1940 aka gina rukunin Asawase a Kumasi. Hukumar raya Tema ta kafu a 1952, hukumar gidaje ta ƙasa a 1956, gwamnatin Acheampong ta zo da shirin gidaje masu sauƙin kuɗi a 1972, daga baya SSNIT ta gina benayenta a wurare kamar Adenta. Da yawa an sayar wa mazauna, wasu har yau suna hannun hukuma, ga barikokin 'yan sanda da kwatas ɗin malamai da ma'aikatan jinya. Ana cewa ƙasar nan tana da giɓin gidaje kusan miliyan 1.8. Ƙasar da ke cikin wannan hali ba ta da gidan yarwa. Amma idon hukuma kullum yana kan sabon gini da yanka ƙyalle. Saglemi kaɗai an ciyo masa bashin dala miliyan 200, gidaje kimanin 1,500 suka shekara da shekaru ba kowa a ciki sai ciyawa.

Mu zafi ne abokin gabarmu, don haka duk wanda ya kwaso ɗakin gilashin Bordo ya dasa a Tamale, gasa mutane zai yi. Abin ɗauka shi ne tunanin: a tare matsalar kafin ta iso ɗaki. Muna kusa da tsakiyar duniya, rana ta kanmu take bi, don haka rufi ne ke shan mafi yawan zafin, sai bangon gabas da safe da na yamma da la'asar. Kwanon da ya yi tsatsa ya yi duhu yana tsotse rana wuni guda, in babu silin ya sauke ta kai tsaye a kan masu ɗaki, bulon siminti kuma ya riƙe zafin ya yi ta sakinsa har tsakar dare. A 2024 da 2025 azumi ya faɗo a watan Maris, kowa ya ji a jikinsa, musamman tsofaffi da masu ciki da jarirai.

Maganin farko shi ne mafi araha: farin fenti mai mayar da hasken rana a kan rufi, silin a ƙasansa, da ƙofofin iska a tsakani don zafin da ya taru ya sami mafita. Birnin Ahmedabad na Indiya ya gwada wannan bayan zafin 2010 ya kashe mutum sama da dubu. A 2017 aka shafa farin fenti a rufin gidajen talakawa kimanin 3,000, kuma masu nazarin irin wannan rufi suna cewa yana rage zafin ɗaki da digiri 2 zuwa 5. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano ya san digiri uku ba wasa ba ne, shi ne tsakanin barci da juye-juye. Sai dai ƙurar hunturu tana dusashe fentin, dole a riƙa wankewa ana sabuntawa.

Na biyu iska ce, kuma a nan mu da kanmu muke ɓata abin da magabata suka gina daidai. Kwanan baya na shiga gidan wata gwaggona a ɗaya daga cikin tsoffin kwatas na Kumasi, gidan da na sani da sanyi tun ina yaro. Na tarar fanka biyu suna juyawa, ita kuma tana fifita da mafici.

Na ce, "Gwaggo, ina tagogin nan masu falle-falle da na sani?"

Ta ce, "Ɗan nan, ai yayanka ne ya aiko da kuɗi daga Turai aka cire, aka sa na zamani. Barandar ma an toshe an yi ɗaki an zuba 'yan haya."

Tagar luba in ka buɗe ta kusan dukkan ramin iska ke shiga. Ta gilashi mai zamewa rabi kawai take buɗuwa, ɗaya rabin yana nan a rufe yana shigo da rana. Barandar da aka toshe kuma ita ce ke yi wa bangon yamma inuwa, ta nan iska ke ratsawa ta fita ta baya. An kashe kuɗi, gidan ya yi kyau a hoto, kuɗin wuta ya ƙaru. Ba na ganin laifin wanda ya ƙara ɗaki, iyali sun yi yawa kuma haya tana taimako. Abin da ya ɓace shi ne mai ba da shawara, wanda zai ce a ƙara ɗakin ta wancan gefe, a bar hanyar iska, a tsawaita bakin rufi, a dasa darbejiya ko mangwaro ta yamma.

Firiji, fitila da mita

Na uku kayan wuta ne, kuma a nan ƙasarmu tana da abin nunawa. A 2007, lokacin da ruwan Akosombo ya ja baya aka shiga rabon wuta, gwamnati ta raba ƙwayayen fitila masu tsimin wuta miliyan 6 kyauta, aka karɓe tsoffin. Buƙatar wuta a lokacin da aka fi amfani da ita ta ragu da megawat 124, wato kamar an gina ƙaramar tashar lantarki ba a aza bulo ko ɗaya ba. A 2012 Hukumar Makamashi ta fito da shirin kawo tsohon firiji a ba ka rangwame kan sabo, aka musanya kimanin 10,000, sannan daga 2013 aka hana shigo da firijin gwanjo. Lissafin hukumar ya nuna tsohon firiji yana cin kusan yunit 1,200 a shekara, wato 100 a wata.

Ku riƙe wannan adadi. Farashin rangwame na talaka yana tsayawa ne a yunit 30 a wata. Ke nan tsohon firiji ɗaya ya cinye wannan kaso sau uku kafin a kunna fitila. Fanka mai wat 70 in ta yi awa goma kullum, yunit 21 ne a wata. Iyakwandishan matsakaici in ya yi awa shida kullum zai kai wajen 200. Shi ya sa gyaran rufi da taga ya fi komai muhimmanci: duk gidan da aka hana shi kaiwa ga buƙatar iyakwandishan an cece shi daga bil ɗin da ba zai iya biya ba.

Sai maganar mita, wadda duk ɗan gidan haya ya san ta. Ɗaki goma a gida ɗaya, kowanne yana cin yunit 25, a ƙa'ida dukkansu sun cancanci rangwame. Amma mita ɗaya ce, sai ta nuna 250, rangwame ya tafi. In wata ta sa firizar ƙanƙara da zoɓo don neman na cefane, a haura 300, farashi ya ƙara hawa. Ƙarshen wata a zauna ƙidayar ƙwan fitila da dutsen guga, a yi ta cacar baki tsakanin mutanen da sahu ɗaya suke bi a masallaci. A irin wannan gida ba wanda zai sayi firiji mai taurari da yawa da kuɗinsa, tunda ribar rabawa za a yi da kowa. Gyaran da bai haɗa da mita ga kowane iyali ba, rabin gyara ne.

Kada garin gyaran gira a rasa ido

Grenfell ya koya mana cewa kayan tare zafi suna iya zama makamashin gobara. Silin ɗin roba da ake yayi yanzu da soson da ake cusawa a ƙarƙashin kwano, in ba masu inganci ba ne, suna narkewa su fitar da hayaƙi mai guba. Haɗa wannan da wayoyin da aka ja tun zamanin Nkrumah, ana ɗora musu firiza da hita, ga tagogi duk an datse da ƙarfen ɓarayi, ƙofa ɗaya ce. Tun 2011 akwai dokar da ta ce mai takardar shaida daga Hukumar Makamashi ne kaɗai zai ja waya a gini. Kafin a rufe silin, a kira irinsa ya duba. A kowane ɗakin kwana a bar taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗuwa daga ciki.

Akwai kuma rufin asbestos da ke kan da yawa daga tsoffin kwatas, wanda muke kira silet. In yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. In aka fasa shi, ko aka huda, ko aka kankare shi a bushe don a shafa fenti, ƙurarsa tana shiga huhu ta haifar da ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Wannan ba aikin yaran unguwa da guduma ba ne. In za a cire shi, hukuma ce ya kamata ta turo waɗanda aka horar, da kayan kariya da wurin zubarwa.

Wa zai biya?

A nan gizo ke saƙa. Mai gida ne zai sayi fenti da silin, ɗan haya ne zai ga sauƙin bil. Mai gida ya ce me zan samu? Ɗan hayar da ya biya kuɗin shekara biyu gaba ɗaya, duk da doka ta ce kada a wuce wata shida, ya ce in gyara gidan wani gobe ya ƙara mini haya ko ya kore ni? Kowa ya naɗe hannu. A ƙasar Holan sun samo wata dabara mai suna Energiesprong: hukumar gidaje ta yi gyaran, mai haya ya ci gaba da biyan kwatankwacin abin da ya saba kashewa a makamashi, kuɗin ya tafi biyan aikin, kamfanin da ya yi gyaran kuma ya ɗauki lamunin ingancinsa na shekaru masu yawa. Mu da muke da mitar kati, cire ɗan kaso a hankali don biyan firiji ko silin abu ne mai yiwuwa. In aka tsara shi a matsayin ciniki mai tsayayyen farashi ba ruwa a ciki, mutanenmu da ke gudun riba za su shiga da kwanciyar hankali. Adashin mata ma da ke sayen kwanuka da atamfa zai iya sayen bokitin fenti, gida ɗaya kowane zagaye.

Amma gidajen da ke hannun hukuma, hukuma ce za ta fara. Abin da nake roƙo bai da yawa. Ma'aikatar ayyuka da gidaje, da Hukumar Makamashi, da asusun raya zango da majalisa ta amince da dokarsa a 2017, su zaɓi layi ɗaya a tsohon rukuni ɗaya a kudu da wani a arewa. A auna zafin ɗakunan da yunit ɗin da suke ci na shekara guda. A gyara rufi da silin da tagogi da waya da mita. A sake aunawa, a buga sakamakon kowa ya gani. Matasanmu kafintoci da masu fenti da masu aikin waya su za a ba aikin, bayan an horar da su.

Mu kuma mazauna, in ranar ta zo, kada sarkin zango ko liman ko ɗan majalisar unguwa ya sa hannu a madadinmu sai an rubuta abu huɗu baƙi da fari. Ba wanda za a tasa daga gidansa, in kuwa dole ne ya fita na 'yan kwanaki, a rubuta ranar dawowarsa. Kada ƙarin haya ya wuce abin da bil ya ragu. Duk kayan da za a manna wa gini a nuna takardar gwajin gobararsa. Sannan a kafa kwamitin mazauna da ke da ikon tsayar da aiki, kuma a sa mata a ciki, domin su ne ke wuni a ɗakunan nan da rana tsaka, su suka san bangon da ke fara ɗaukar zafi da ƙarfe nawa yake sakinsa.